Saƙon Muryar da Na Tura Ranar Guguwa

Assalamu alaikum. Lokacin da abin nan ya faru na shekara goma sha ɗaya a Landan, muna zaune a unguwar Barking da maigidana da yaranmu. A cikin matan unguwa ni ake gani na san gari, duk abin da na faɗa a group ɗinmu na waya shi ake bi. Ba zan ɓoye muku ba, hakan yana yi mini daɗi.

A wani hunturu muka sa ranar walimar saukar Alƙur'ani ta 'yata ta fari. Saura kwana uku aka fara sanarwa cewa babbar guguwa na tafe a ranar, kowa ya zauna a gida. Dariya na yi, don shekarar da ta gabata ma haka suka ce, na jibgo kyandir da ruwan roba, gari ya waye ko ganye bai motsa ba. Maigida bai biye mini ba. Ya shigo da kwandunan shara, ya ɗaure ƙofar bayan gida da igiya, ya yi cajin fitilu, sannan ya ce a ɗaga taron da mako ɗaya. Na ce masa na riga na jiƙa shinkafar waina, kuma wadda ta ga iskar farkon damina tana yaye kwano a Kano ba za ta gudu don iskar Turawa ba.

Ranar da safe gari ya yi luf. Mata suka fara turo uzuri ɗaya bayan ɗaya, raina ya ɓaci. Na ɗauki waya na tura saƙon murya, na ce kowacce ta leƙa taga ta gani, masu hasashen yanayin nan ba su san gaibu ba, wadda ta fasa zuwa tsoro ne ya hana ta.

Akwai wata dattijuwa 'yar Gana, muna ce mata Inna, ita ta fara ɗora 'yar tawa a kan karatu. A unguwar Edmonton take, can arewacin Landan. Ta kira ni ta ce ɗanta ya hana ta fita, an ma yi cancel ɗin jiragen ƙasa, amma tunda na ce babu komai za ta bi bas. A nan ya kamata in ce ta zauna. Sai na ce mata walima ba za ta yiwu ba sai da ita.

Kafin azahar iskar ta taso, tagogi suna girgiza, katangar katakon maƙwabcinmu ta kife. Mu ba abin da ya same mu. Inna kuwa ta sauka za ta canza bas, iska ta ɗebe ta ta maka ta da ƙasa a bakin titi, ƙugunta ya karye. Da na je asibiti na kasa haɗa ido da ita. Ta kama hannuna, ta ce da Hausarta ta zangon Gana, wadda ba ta raba mace da namiji, "Kar ka yi kuka, ɗiyata, Allah ne ya kawo." Ɗanta ya amsa gaisuwata a daƙile. Har yau a zaune take salla, ta kuma daina koyar da yara don ba ta iya hawa benen masallaci.

Na daɗe ina ce wa kaina tawakkali na yi. Daga baya na yarda taurin kai ne, da gudun kada a ce na fasa abin da na sa a gaba. Mai hasashe yana iya kuskure, kuma da ya yi kuskure a ranar, asararmu waina ce kawai. 'Yan uwa, in an yi gargaɗi ku yi shiri ko da kuna shakka. In kuwa mutane suna jin maganarku, ku bar shakkar a cikinku, domin wanda ya fi yarda da ku shi zai fara fita.