Lemar da Gamsheƙa Ya Haɗiye

Tun jiya ban dawo daidai ba. Kunun da na ɗauka da safen nan ma rabi a zanina ya ƙare. Mijina Ishaku ya ce in kwanta in huta, amma da na rufe ido sai in ga baƙin kan nan a fashe a gabana, a hanyar gonar citta, ga 'yata Alheri goye a bayana. Gamsheƙa ne, macijin nan mai feso dafi a ido. Mun tsira, ni da ita, idanunmu garau. Amma duk wanda ya zo yi mini barka, in na ce masa tatsuniya ce ta cece mu, sai ya dube ni kamar tsoro ya taɓa mini kai. To bari in faro tun daga tushe.

A Nok na girma, a hannun Kaka Saratu, mahaifiyar babana. Da damina, in an gama cin tuwon acca, sai mu shige ɗakin girki mu kewaye murhu, ni da yayata Briskila da yaran maƙwabta. Ruwa na ɗiga ta jinka, masara na fashewa a garwashi, hayaƙi na sa mu hawaye amma ba mai motsawa. Kaka za ta miƙe ƙafafunta wajen wuta, ta yi gyaran murya, ta ce, “Ga baƙuwa a ƙofa, ruwa ya jiƙa ta.” Mu kuma mu amsa da ƙarfi, “Ta shigo ta ji ɗumi!” Rabi da yarenmu take bayarwa, rabi da Hausa, in abin ya yi daɗi kuma har da waƙar coci a ciki.

Tatsuniyoyinta suna da yawa, amma akwai guda wadda ba ta gada a wurin kowa ba. Ita ta ƙirƙire ta a gabanmu, kuma lema ce ta jawo.

Ƙanen babana, wanda muke kira Baba Ƙarami, shi ya kawo mata lemar daga Kafanchan. 'Yar guntuwa, baƙa, ba ta fi zangarniyar masara tsawo da yawa ba. Kaka ta juya ta, ta shinshina, ta ce, “Wannan kuma rogo ne ko mene ne?”

“Mama, danna nan kawai,” in ji shi.

Ta danna. Fau! Abu ya yi tsalle ya miƙe ya baje. Kaji suka watse, Kaka ta ce “Jinin Yesu!” ta faɗo daga kan kujera ƙafa a sama. Da ta tashi ta yi dariya har da riƙe ciki. Tun ranar ta sa wa lemar suna Bindiga, kuma ba matar zumunta ko ɗaya a cocinmu da ba a harbe ta da ita ba.

Sai dai Kaka ba ta yarda da abin da ba ta ga cikinsa ba. Ta yi ta zama a bakin ƙofa tana buɗewa tana rufewa, tana leƙa ƙarƙashin yadin, tana bin kowane ƙarfe da farce. Da wata 'yar ƙusa ta fita daga gaɓa, ta lanƙwasa tsohuwar allura ta maye gurbin. Wata rana da yamma sai ga ta ta shigo ɗakin girki da Bindiga a hammata.

Ta ce a da can, ruwa ya ishi dabbobi. Duk ranar kasuwa sai ya yi musu duka. Jemage, wanda shi ne gwanin aikin hannu, ya haɗa lema da tsinken gora da ganyen gwaza. Ta yi kyau, amma da ya zo shiga kogonsa sai ta ƙi wucewa. Ya bar ta a waje, iska ta kakkarya ta. Yana zaune yana baƙin ciki, ya miƙa hannu zai share hawaye, sai ya ga fiffikensa: ashe kowane yatsa da gaɓoɓinsa, yana buɗewa ya yi faɗi, ya naɗe ya koma ɗan mitsitsi.

A nan Kaka za ta buɗe lemar rabi, ta matso da ita kusa da wuta. “Ku duba. Kowane ƙashi an karya shi da gangan, aka sake haɗa shi da ƙusa. Ga gwiwa, ga wata gwiwar. Kun ga siririyar wayar nan da ke bin bayansa? Jijiya ke nan. In ƙashin ciki ya tashi, ita ke jan na waje ya miƙe.” Mu kuwa har goshinmu na karo.

Amma sandar ta yi tsawo, in ji ta. Sai Kunkuru ya ce, “Ka ga yadda wuyana ke shigewa ciki? Yi mata haka.” Jemage ya yanka sandar uku, babba ta haɗiye matsakaiciya, matsakaiciya ta haɗiye ƙarama. To wa zai turo su waje? Kabewa ta ba da 'yar igiyarta mai murɗewa, wadda take kama danga da ita, aka cusa a cikin sandar. “Ita ce Baba Ƙaraminku ke ce wa sifirin, don ya nuna mana ya je birni.” Ƙaguwa ta ba da ɗan yatsanta, aka sa a mariƙi, ya cafke sandar kada ta tsere. Kwaɗo kuma ya ba da ido ɗaya, aka yi maɓalli da shi. In ka tsone idon Kwaɗo, Ƙaguwa ta ji tausayi ta saki, Kabewa ta yi miƙa, zoben tsakiya ya haura sama ya ture ƙasusuwan Jemage.

“Sai me, yara?”

“Fau!” Mu duka, har da masu barci.

Kowa ya ba da wani abu, ban da Gamsheƙa. Ba hannu, ba ƙafa, ba kunya. Ranar da aka rataye lemar a bakin kogo ya lallaɓo ya sace. Ba shi da abin riƙewa, sai ya haɗiye ta. Ta tsaya masa a wuya, ta ƙi gaba ta ƙi baya, maɓallin kuwa ya zauna daidai kan zuciyarsa. Shi ya sa duk lokacin da gabansa ya faɗi, zuciya ta buga maɓalli, sai lemar ta buɗe a wuyansa.

“Kuna cewa fushi ne yake sa shi fasa kai? Tsoro ne, 'ya'yana. Ɓarawo ne. In ya ga lemar da ta fi tasa, sai ya ce masu kaya sun iso. Ya tofa, ya naɗe, ya gudu. Jemage kuma har yau yana rataye, kansa a ƙasa, yana duba ciyawa ko zai hango shi.”

Briskila, da yake ta riga ni shiga makaranta, sai ta taɓe baki. “Kaka, malaminmu ya ce haƙarƙarin maciji ne ke buɗewa.”

“To haƙarƙari ba ƙashi ba ne? Ni me na ce? Gaya wa malaminku ya zo ya ji ɗumi, akwai sauran masara.”

Amma tatsuniyar ba ta ƙarewa sai an rufe lema, kuma nan ne aikin yake. Irin lemar nan, in ka sake danna maɓalli, yadin ne kawai ke faɗuwa. Sandar tana nan a miƙe. Sai ka kafa mariƙin a ciki, ka kama kan da hannu biyu, ka tura da ƙarfi har ka ji ƙyas. Kaka sai ta bi mu ɗaya bayan ɗaya kowa ya yi. Ni ina ƙarama, in tura har fuskata ta kumbura, abu ya kusa kaiwa sai ya suɓuce ya dawo ya bugi haɓata. A yi ta dariya.

Briskila kuwa wayo take yi. Ta nannaɗe yadin ba tare da ta tura sandar ba, ta ɗaure da 'yar ɗamarar lemar, ta miƙa.

“Kwance ki danna mu gani, malama,” in ji Kaka.

Ta danna. Shiru. Ta sake dannawa. Ko motsi.

“Kin gani? Gawa kika ba ni. Ƙarfin da take buɗewa da shi ba nata ba ne, naki ne. Lokacin da kike rufe ta kike zuba shi a ciki, ita kuwa ta ajiye miki. In kin yi ƙyuya yau, ranar ruwa ki danna ki sha duka.” Sannan ta ƙara da dokarta ta biyu: ba a ɗaure wa Bindiga ɗamara sai an shiga gida. Wa ya san abin da ke hanya?

Sai an ji ƙyas na ƙarshe take cewa, “Baƙuwa ta bushe, ta kama hanya. A ja ƙofa.”

Kaka ta rasu ina sakandare. Bindiga ta riga ta mutuwa ma, sifirin ya yi tsatsa. Na yi aure a wani ƙauye kusa da Gidan Waya, kuma da na shiga kasuwar Kafanchan neman lema saboda goyo, irinta na saya, ba don wani tunani ba, don dai tana shiga jaka.

Jiya da hantsi na ɗauki abinci zan kai wa Ishaku gona. Kwano a ka, Alheri a baya, yayyafi na sauka. Ina tsakiyar hanya ruwan ya ɗauke. Na danna, yadin ya faɗi, sandar na miƙe. Hanyar duk santsi, har na ce a raina bari in bar ta haka in riƙa dogarawa. Ban ma gama tunanin ba hannuna ya riga ni. Ya kafa ta a cinyata ya tura. Ƙyas. Ɗamarar kuwa na bar ta tana lilo, kamar kullum.

A kwanar da ake tara ciyawar rufe citta gamsheƙan ya taso. Tsakanina da shi bai fi tsawon tabarma ba. Baƙi wuluk, wuyansa ya baje, kansa na bin fuskata. Na so in juya in ruga, sai na tuna in na juya, Alheri na ba shi. Ita kuwa ta farka, ta leƙo da kanta ta gefen hannuna, idanunta a buɗe tar, har tana miƙa masa hannu.

Ban yi addu'a ba, Allah Ya gafarta mini, ko sunan Yesu bai zo bakina ba. Ban yi tunani ba. Na dai ga hannuna ya ɗaga, babban yatsana ya sami idon Kwaɗo.

Fau!

Duniya ta koma baƙin yadi a gabana. Sai na ji tas-tas-tas a jikinsa, kamar farkon ruwa a kan kwano. Abinci ya kife. Na durƙusa na duƙunƙune mu biyu a bayan lemar, ina ja da baya da gwiwa. Ya sake fesowa. Da na leƙa ta ƙasan yadin, na hango shi ya naɗe wuyan, ya koma siriri kamar igiyar guga, yana sulalewa cikin ciyawa.

A lokacin muryata ta dawo. Kun san abin da na kurma? “Ɓarawo! Ɓarawo!”

Sai ga Ishaku a guje da fartanya a sama, yana waige-waige. “Ina yake? Maman Alheri, ina ɓarawon? Me ya ɗauka?”

Na buɗe baki in ce lemar Jemage, sai kuka ya ƙwace mini, dariya ta biyo, suka haɗu. Shi ne ya ga ruwan dafin yana gangarowa a bayan yadin, daidai inda fuskata take, da wani layin a ƙasa kaɗan, daidai inda ta Alheri take. Ya ajiye fartanya ya zauna a cikin taɓo.

Da yamma na kira Briskila a waya, tana Kaduna yanzu. Ta yi ihu, ta yi godiya ga Ubangiji. Can ta ce, “Rifkatu, tawa tana nan bayan ƙofa, a miƙe, a ɗaure. Da ni ce, da yanzu ana ja mini gora.” Na ji ta tashi, na ji tana nishi, sai na ji ƙyas ta cikin waya. Muka fashe da kuka kamar yara.

Na san maciji bai san wani Jemage ba. Na yi makaranta, na san yadi ne ya tare dafin, ƙarar buɗewar kuma ta razana shi. Kaka ma ba don maciji ta koya mana ba, ba ta son a lalata mata Bindiga ne, kuma tana son ta ga mun yi dariya. Amma tun jiya nake juya maganar nan tata. A kan hanyar can ba ni da ƙarfi ko na ɗaga tsinke. Abin da ya buɗe a gabana, an daɗe da tura shi ciki, a bakin murhu, da hayaƙi a ido da masara a baki, ina 'yar yarinya ana yi mini dariya. Tsohuwar nan ta kafa mu a cikinta ta yi ta turawa, ba mu sani ba.

Ishaku ya wanke lemar da sabulu da ruwa mai yawa, ya shanya a kan danga. Ɗazu na ɗauko ta. Na tura ta suɓuce, ta bugi haɓata kamar da. Alheri ta ƙyalƙyale da dariya. Na sake kafa ta a cikina, na kama da hannu biyu, na tura har na ji ƙyas. Na rataye ta a ƙusa, kanta a ƙasa, ɗamara a sake.

Hadari na haɗuwa ta wajen Godogodo. Na hura wuta, na ɗora masara. Yarinyar ba ta iya magana ba tukuna, amma na zaunar da ita a cinyata na ce mata akwai baƙuwa a ƙofa, ruwa ya jiƙa ta. Daga bakin ƙofa Ishaku ya amsa mata.