Addi Ɗan Bassu, Wanda Ya Shiga Ramin Kura

An haifi Addi a shekarar 1911 a ƙauyen Tizgi, cikin duwatsun Atlas na ƙasar Maroko. Mahaifinsa Bassu mai ƙona gawayi ne, mahaifiyarsa Itto kuwa masaƙiya. Ba su da gona, ba su da bindiga, kuma mutanen Tizgi sun fi ganin aibin rashin bindigar.

Karatu da Ƙuruciya

A 1918 aka sa shi makarantar allo ta masallacin ƙauye, inda ya yi shekara huɗu kafin mahaifinsa ya janye shi zuwa daji, a can kuma ya naƙalci bin sawu da ɗana tarko. Da ya cika shekara goma sha takwas ya nemi shiga ƙungiyar maharba, domin wanda ba ya cikinta ba ya riƙe bindiga, ba a kuma sauraronsa a taron gari. Shugabansu Hammu ya ce masa, "Kai ɗan gawayi, je ka wanke hannunka tukuna, kada ka baƙanta mana bindigogi." Sau uku yana komawa, sau uku ana yi masa dariya.

Shekarar Kura

Cikin sanyin 1930 wata kura ta addabi ƙauyen da cin awaki. Maharba suka shafe wata biyu suna ɓarnar albarushi, abin takaici, jakin liman kaɗai suka harba. Addi ya bi sawu har ya gano raminta.

A al'adarmu, mai kama kura yakan tuɓe, ya shiga ramin da rarrafe riƙe da igiya, yana cewa "ba ta nan, ba ta nan," wai sai ta yarda, ta yi lamo a ɗaure ta. Na ƙarshen da ya gwada ya fito babu yatsu uku, dattawa suka ce bai iya furta kalmar ba ne. Addi kuwa ya daɗe da lura cewa duhu ne ke kwantar da kura, da zarar ta ga haske sai ta zabura.

Da aka taru a bakin ramin da hantsi ya ce, "Baba Hammu, ara mini alkyabbarka."

Hammu ya ce, "Kurar za ka ba wa ta sa?"

"Bakin ramin za ku toshe, kai da sauran. In haske ya shiga, ku kuka kashe ni, ba ita ba."

"To. In ka fito da rai, ka zauna cikinmu. In ba ka fito ba, kada dai ka ɓata mini alkyabba da jini."

Haka manyan maharba goma sha biyu suka tsaya suna karkarwar ɗari, kowa ya danna alkyabbarsa a bakin rami. Addi ya tuɓe ya shiga, bai ce wa kurar "ba ta nan" ko sau ɗaya ba. Ya lalubo ƙafafunta na baya, ya zarga igiya, ya girgiza igiyar don a sani, aka jawo shi tukuna, sannan kurar. Ranar aka karɓe shi cikin ƙungiya, amma bakin ƙofa aka ba shi wurin zama, kusa da takalma. Hammu kuwa har ya koma ga Allah yana cewa albarkar alkyabbarsa ce ta yi aikin, kuma, ikon Allah, akwai waɗanda suka gaskata shi.

Aure da Shugabanci

A 1933 ya auri Tuda 'yar Assu, Allah ya azurta su da 'ya'ya bakwai. Ya kama kuraye goma sha ɗaya bayan ta farko, kowace kura kuma takan matsar da mazauninsa gaba kaɗan. Sai a 1958, bayan shekara ashirin da takwas, aka ga dama aka naɗa shi shugaban maharba, muƙamin da ya riƙe bisa adalci har ƙarfinsa ya ƙare.

Rasuwa

Ya rasu ranar Talata, 14 ga Maris 1989, yana da shekara saba'in da takwas, aka yi jana'izarsa a maƙabartar Tizgi, maharba arba'in suka harba bindiga don girmama shi. Biyu cikin 'ya'yansa sun riga shi rasuwa, ya bar biyar: Bassu, Rabha, Lahsen, Yamna da Idir.

A zaman makoki, ni ɗan'uwan matarsa Tuda, na ji ɗansa Bassu, wanda ke koyarwa a birni, yana shaida wa baƙinsa cewa mahaifinsa zaki ya kashe. Na ja shi gefe na tambaye shi dalili. Ya ce, "Haba Kawu, wa zai faɗa wa mutanen birni ubansa ya yi rarrafe tsirara cikin ramin kura?"

Addi bai taɓa ganin zaki ba a rayuwarsa. Kura ya kama, tsirara, cikin duhu, haka kuma na rubuta.