Kofin Sodar Hajiya

Ranar wata Laraba ce, saura mako biyu babbar salla, shekarar da nake aji biyar a firamare. Umma ta hana ni zuwa makaranta, ta ce in riƙe mata hannun Yaya Sauda mu je ƙaramin asibitin unguwa. Ina ta kumbure-kumbure, don ranar ce ajinmu ke da gaɗa a lokacin tara. Muka tarar da mata sun cika benci uku a gindin darbejiya, kowacce da nata yaron, wani na dalalar da yawu, wani na buga kansa a cinyar uwarsa. Wata nas doguwa mai tabarau, ana ce mata Sista Rabi, ta tsaya a gabansu riƙe da kwalbar lemo cike da kananzir. Ta ce irin waɗannan yaran jikinsu na girma amma tsoron haɗari ba ya girma tare da shi, tsawonsu ya kai inda aka ɓoye wa jarirai kaya, hankalinsu bai kai ba. Ta ce a rufe rijiya, a ɗauke magani daga ƙarƙashin matashi, kar a zuba abin da ba na sha ba a mazubin abin sha, in kuma yaro ya sha guba kar a sa shi amai, a garzayo da shi. Maganarta ta ƙarshe har yau tana kunnena: "Ku faɗa wa kowa a gidan. Kulawar mutum ɗaya ba ta tsare yaro."

Yaya Sauda ta girme ni da shekara uku, amma ni nake ɗaura mata ɗankwali, ni nake juya mata takalmi idan ta sa bai-bai. Kalmominta ba su wuce goma ba. Ba ta da faɗa, sai son bin mutane da sa komai a baki: alli, gawayi, murfin biro. A layinmu na Soron Ɗinki wasu na ce mata baiwar Allah, yara kuma suna ce mata abin da ba zan rubuta ba, na sha dambe a kai. Ba zan yi ƙarya ba, ta sha gundurata. In muna 'yar gala-gala sai ta taka mana zane, in muna carafke sai ta kwashe duwatsun, ni ce kuma ba ni da damar zuwa niƙa ko Islamiyya sai da ita a bayana.

Ita ce 'yar fari, kuma a gidanmu wannan ba ƙaramar magana ba ce. Umma ba ta kiran sunanta, sai dai "yarinyar nan". Ba ta yi mata wasa a gaban mutane, ba ta nuna ta damu da ita, musamman a gaban surukarta, kakarmu Hajiya, wadda muke tsakar gida ɗaya da ita. A ɗaki kuwa na sha ganin Umma tana tsefe mata kai tana yi mata waƙa ƙasa-ƙasa. Da muka dawo daga asibiti, a ranar ta aikata duk abin da yake ikonta. Ta ɗora kananzir a kan kabad, ta kulle magunguna a akwati, ta lallaɓa Abba ya kira kafinta aka yi wa rijiya murfi da kwaɗo. Abu ɗaya ya rage, shi kuma ba nata ba ne.

Hajiya matar marini ce. Mijinta ya ƙare rayuwarsa a karofin Ƙofar Mata, ita kuma ta ci gaba da rinin zamani a gida, a cikin rabin duro a kan murhu. Gab da salla tsakar gidanmu kan cika da shadda a kan igiyoyi, shuɗi da ruwan goro da kore, wari kuwa har zaure. Rinin nan ba ya kamawa sai da soda, wadda in an jiƙa ta ba ka bambanta ta da ruwan sha, ga ta tana cin fata. Hajiya a kofin roba take jiƙa tata, ja, irin wanda ke kife a kan randa sak, ta ajiye a ƙasan rumfa. Kwana biyu ina ganin Umma tana satar kallon kofin nan, ta buɗe baki ta rufe. Ta yaya za ta dubi uwar mijinta ta ce ki gyara kayanki saboda 'yata, 'yar ma ta fari? Rana ta uku ta ja ni ɗaki ta ce in je in faɗa da dabara.

Ni kuwa ban san dabara ba, har gobe. Na je na tsaya a kan Hajiya na ce nas ta ce a daina ajiye soda a kofin shan ruwa. Ta ɗago, hannunta baƙi ƙirin da rini, ta ce, "Ke, uwarki ce ta aiko ki? Tara na haifa na raina, yau ni za a koya wa reno?" Ta ƙwala wa Umma kira. Umma ta zo ta durƙusa, kanta a ƙasa, ta ce, "Wallahi Hajiya surutunta ne kawai, ki yi haƙuri." Na sha ranƙwashi, kofi ya zauna inda yake, ni kuma na yi fushi na ce ba ruwana da kowa.

Ranar Lahadi da hantsi Umma na surfe, Hajiya ta shiga ɗaki amsa gaisuwar baƙuwa, ni ina ƙofar gida ina kallon ragunan maƙwabta alhali an ce in zauna da Yaya. Ƙarar da na ji ban taɓa jin irinta ba. Da na shigo Yaya tana birgima, jan kofin sodar a yashe a gefenta, leɓenta ya yi fari fat, Umma ta yar da taɓarya tana kiran "Sauda! Sauda!" a gaban kowa. Mata suka cika gidan, wannan ta kawo manja, waccan madara, wata ta zura mata yatsa a maƙogwaro. Ina ihu ina cewa an ce kar a sa ta amai, babu mai jin yarinya. Sai da aka gama duk wannan aka nemo a-daidaita-sahu.

Ba ta mutu a lokacin ba. Maƙogwaronta ne ya ƙone ya tsuke, daga nan ba ta ƙara haɗiye tuwo ba, sai kunu tsararo da cokali, shi ma rabi ya dawo. Wata goma sha huɗu tana ramewa, kafin Allah Ya karɓi abarsa. Hajiya ba ta sake hura wutar rini ba. Ita ta riƙa zama da cokalin, tana ba ta tana hawaye, kuma har ta bar duniya ita da Umma ba su taɓa tayar da zancen ba. A gidan an ce kwana ne ya ƙare. Na yarda, amma na ga hanyar da ya bi.

Yanzu irin wannan faɗakarwa ta yi yawa, a rediyo, a waya, a wajen awo, kuma har yau iyaye mata ake tarawa, su da galibi ba su da ta cewa a tsakar gidan da suke zaune. Shi ya sa in na shiga gida mai irin wannan yaron, ba na tsayawa kan uwar. Ɗakin tsohuwar gidan nake wucewa in gaishe ta in faɗi abin da na gani, ta ji haushi in ta ga dama. Ana cewa ba ni da ta-ido, ban musa ba. Gidanmu an raba shi gado, an ja katanga ta tsakiya, ba gidan da za a ce yara goma na wasa a ciki. Wani lokaci in na ga sa'o'in Yaya sun zo suna da goyo, sai in tsaya ina lissafin yadda fuskarta za ta kasance yau, in kasa. A shekara goma sha huɗu ta tsaya, ni ƙanwarta na wuce ta da nisa.