Waɗanda Suka Koya wa 'Yata Gaisuwa

Hajiya ta faɗa tun a waya: idan ta zo Dubai ganin likitan ido ta tarar jikarta ba ta iya gaida manya ba, da ita za ta koma Kano, can ma akwai makaranta. Mahaifiyata kuwa ba ta maimaita magana, aikatawa take yi.

Shekara da shekaru ina yi wa yarinyar nan lacca kan durƙuso, da misalai daga tarihi, tana amsa mini da Larabcin Dubai, "khalas, Baba," wato ya isa haka. Kunnenta na wajen wasu samarin Koriya mawaƙa, masu gashi kalar alawa. Ba ita kaɗai ba ce. Direban Pakistan da ke kai kayan 'yan kasuwarmu unguwar Al Quoz ma na taɓa kama shi yana bin amshinsu, da gemunsa da komai.

Ranar da Hajiya ta sauka, yarinya ta tarye ta a ƙofa, ta haɗe ƙafafu, ta sunkuya har sai da mayafinta ya share tayil. Ruwa ta miƙa da hannu biyu. Da za ta fita, da baya da baya ta fita.

Hajiya ta ce, "Ikon Allah! Ƙawata, wa ya koya miki?"

Na gyara tsayuwa don karɓar yabo. 'Yar albarka ta ruga ta ɗauko waya.

Hajiya ta kanga wayar a idonta mai lafiya. Samarin suka yi tsalle-tsallensu kamar an zuba musu garwashi a takalmi, sannan suka jeru, suka sunkuya wa jama'a gaba ɗaya.

"'Ya'yan waye?"

"Mawaƙa ne, Hajiya. Duk duniya an san su."

"Iyayensu sun iya tarbiyya, ciyarwa ce ba su iya ba. Dubi wuyan wancan. Mayar mini baya."

Aka mayar. Ta sake cewa a mayar.

Na yi gyaran murya na tambaya, cikin ladabi, ko yarinya za ta zauna a Dubai.

"Ta zauna mana, malamanta na nan." Ta dube ni sama da ƙasa, ina tsaye a kanta, hannu a aljihu. "Ƙawata, juyo masa wayar. Kai kuma matso, daga farko za a sa maka."