Saƙon ɗana a cikin suwic

Jama'a, yau ɗan farina da muka rufe bara ya yi mini magana!

Rezon intanet da ya haɗa wa masu shaguna a unguwar Lazaret ne ya tsaya. Na kira abokin aikinsa Sani. Ya zo da ordinater, wato kwamfuta, da shuɗin kabul, ya soka a bayan suwic, akwatin da ke raba rezon. Ekaran, wato fuskar ordinater, ya cika da shirme.

Na ce, "Shi ma ya mutu?"

Ya ce, "A'a Inna, saurinsa da na ordinater ne bai daidaita ba." Ya canza lamba. "Amma ban san kod ɗin shiga ba. In ya ƙi, sai in goge komai."

Na ce, "Aikin ɗana za ka goge?"

Sai rubutu ya fito sarai! Sani ya juyo mini ekaran. Na ɗora yatsa, na bi harafi-harafi yadda marigayin ya koya mini:

"Mai shiga nan, kada ka goge komai. Kod shi ne sunan da Inna ke kirana."

Sani zai sa sunan ɗana na yanka. Na ce, "Kai! Bakina bai taɓa faɗin wannan ba. Rubuta Baƙo."

Ya rubuta. Suwic ya buɗe.