Hannuna a Ƙarƙashin Damin Shinkafa

Da farko na ɗauka ƙaya ce. Na tura hannuna ƙarƙashin damin shinkafa zan ɗaga, sai na ji abu ya soke ni a gindin babban yatsa, sau ɗaya, kamar allura. Da na zaro hannun na ga ɗigon jini biyu kusa da juna. Sai karan ya motsa shi kaɗai, wani abu mai ruwan ƙasa ya sulale cikin ciyawa. Ban yi ihu ba. Wayata na duba: ƙarfe tara da minti goma na safe.

Sati uku ke nan da dawowata daga Jidda, inda na shekara huɗu ina jinyar wata tsohuwa mai ciwon suga. Na je ƙauyen su Inna ne a bayan Auyo in gaida dangi, na tarar ruwa ya fara cin gonaki, ana ta yankan shinkafa cikin gaggawa ana tarawa a kan tudu. Duk wanda ya tashi a fadama ya san idan ruwa ya taso, abin da ke cikin rami tudu yake hawa, kuma ba a taɓa dami sai an buge shi da sanda. Ni ma na sani. Amma shekara huɗu ina taka tayil ina ɗaukar kaya daga kan kanta, hannuna ya manta.

Goggo, matar Kawu, ita ce kusa da ni. Ta kalli hannun ta yi salati, ta ce igiya ce, don a wajenmu ba a kiran sunan maciji idan ya taɓa mutum. Kafin in ankara Kawu ya yar da laujensa ya iso. Yayan Inna ne, a gidansa na yi ƙuruciyata. Ya kwanto robar da ake ɗaure kaya a bayan keke, ya ce a kira wanzami ya zo da aska a tsaga wurin a fitar da dafi.

“Kawo hannun, ’yar nan.”

“Kawu, ka yi haƙuri. Ba za a ɗaure ba, ba za a tsaga ba. Asibiti za a kai ni.”

Goggo ta ce, “Ke takari, a Jiddan igiya kika yi jinya ko tsohuwa?”

Kafin in tafi Jidda, ko fuskar Kawu ba na iya kallo. Shekarata ta farko a can, banɗaki nake shiga in yi kuka in wanke ido in fito. Amma ni ke auna sugan tsohuwar, ni ke rubuta lokacin allura, kuma idan ’ya’yanta manya masu gemu suka zo da dabino da zuma za su ba ta, ni ce dole in tsaya a bakin gado in ce a’a da guntun Larabcina. Daga baya na gane ana iya cewa a’a a durƙushe, murya ƙasa-ƙasa, kuma ta zauna a’a ɗin. Akwai wata nas ’yar Indiya da take zuwa duba ta duk Talata. Garinsu ma na shinkafa ne. Ita ta ba ni labarin wanta da maciji ya sara, aka ɗaure masa hannu tamau tun safe har yamma. Ya rayu, amma an yanke hannun. Ta ce likitoci sun ce ɗaurin ne ya kashe hannun. Ta ce a duba lokaci, a cire zobe, kar a motsa wurin, a tafi.

Iyakar abin da na sani ke nan. Sakandare kawai na yi, kuma Kawu ya ga saran maciji fiye da yadda zan iya ƙirgawa. A raina ina cewa idan ni ce ban yi daidai ba, zan mutu a cikin kwalekwale, kuma maganata ta ƙarshe da shi musu ce.

Kawu ya sauke robar. Sannan ya tambaya ko tofin ma ba na so. Na ce ina so, na miƙa masa hannun da sauri. Ya yi addu’a ya tofa, ya naɗe robar ya sa a aljihu, ya ce muddin ya ga idona ya juya a hanya zai ɗaure, ko in yarda ko kar in yarda. Na zare zobe da awarwaro na ba Goggo, ta rataya mini hannun da mayafinta.

Hanya ta yanke, sai ta ruwa. Muka shiga kwalekwale da Kawu da Goggo, mai tuƙin ya dinga kutsawa ta cikin kacala, ciyawar nan da ta fi mutum tsayi, ni kuwa ina ta tofa yawu a tafin hannuna na hagu ina duba ko akwai jini. Yatsan ya kumbura, yana zogi har gwiwar hannu. A bakin titi muka hau babur, Goggo a bayana ta riƙe ni, tana ta yi wa mai babur faɗa ya daina faɗa wa ramuka.

Sha ɗaya saura muka shiga asibiti a Hadejia. Nas ta tambayi lokacin da abin ya faru, na faɗa mata har da mintinsa. Ta tambaya ko an ɗaure ko an tsaga. Kawu ne ya amsa, ya ce ni ce na ƙi. Ta ɗebi jinina ta zuba a ’yar kwalba ta ajiye a kan tebur, ta ce minti ashirin za a jira, idan bai daskare ba to dafi ya shiga jini. Ban taɓa kallon wani abu yadda na kalli kwalbar nan ba. Da lokaci ya cika ta karkata ta, jinin ya tsaya cik. Na fara murna, ta ce tukuna, wani dafin sai ya jima yake nunawa. Aka sake da la’asar, aka kwantar da ni, aka sake da safe.

Har yanzu sai na bugi matashin kai kafin in sa hannu a ƙarƙashinsa, ko igiyar shanya na gani a ƙasa sai gabana ya faɗi. Kuma ba zan ce ni na ceci kaina ba. Likitan da ya zo da safen ya ce wani lokaci maciji yakan sara bai zuba dafi sosai ba, Allah ne ya taƙaita. Ya danna kumburin, ya duba dasashina, ya ɗaga kwalba ta uku a hasken taga. Ya ce hannun lafiya, jinin lafiya, in tafi gida.

Kawu yana zaune a bakin ƙofa da kayan jiya, taɓo ya bushe a ƙafafunsa. Ya yi hamdala, ya ce, “Sanda zan sassaƙa miki, Hajiyar Jidda.”

A nan ne kukan ya zo. Ina yi ina laluben wayata: takwas da rabi.