Gaisuwar da Na Yi Sata da Ita

Ni ɗan manomi ne daga wani ƙauyen Hausawa kusa da Kamlin. Ban taɓa haura katangar kowa ba. Abin da Allah Ya ba ni shi ne baki mai daɗi da iya gaida manya, har uwata takan yi alfahari da ni a gidan suna. Da wannan bakin na yi sata.

Noma ya gundure ni, na tafi Wad Madani na kama aiki a shagon gyaran waya. Da fari abin ƙarami ne. Tsoho ya kawo waya a buɗe masa manhajar banki, in haddace lambar sirrinsa, daga baya in ɗan gutsura. Mai shagon ya gano ni, amma maimakon kora sai ya ce ashe ina da amfani. Shi dama sana'arsa tura saƙon ƙarya da tambarin banki, wai za a rufe asusun mutum yau in bai danna wani adireshin intanet ya sabunta bayanansa ba. Dattawanmu ba sa dannawa, tsoron saƙon Larabci suke yi. Sai aka ba ni aikin bin su da kira, da Hausa.

Kun san halinmu a ƙasar nan da Larabci ne harshen hukuma da banki. Bahaushe ya ji harshensa a bakin ma'aikacin banki, sai ya saki jiki. Nakan tambayi iyali, in tambayi gona, sannan in ce ɗan'uwa nake so in ceta kafin a rufe asusu.

Haka na kira Alhaji Sambo, wani manomin albasa a wajen Abu Na'ama. Da bakinsa ya gaya mini ɗansa da ke Saudiyya ya turo kuɗin man injin ban ruwa. Na ce ya karanto mini lambobin da suka shigo wayarsa. Ya ce, "Da baƙo na, wallahi ba ni ba shi. Amma kai namu na, ya waladi, ɗana." Ya karanto, har da sa mini albarka, muka kwashe kuɗin. Na kashe waya ina dariya, kuma dariyar nan ta fi komai ci mini rai yau.

Asusun da kuɗin ke sauka da sunana aka buɗe shi, don mai shagon ba wawa ba ne irina. Shi ya ɓace, ni aka kama. A kotu tsohon bai ko dubi fuskata ba, ya roƙi alƙali ya sa in gaishe shi. Na gaishe shi, ya ce muryar ce. A nan na ji cewa injinsa ya tsaya, albasar ta bushe a gona. Aka kai ni kurkuku. Ina can aka gaya mini uwata ta daina zuwa gidan suna saboda kunya.

Da na fito, na tuba ga Allah, na kama hanyar ƙauyensa neman gafara. Ya ba ni tabarma, ya ce ya yafe, ƙasa ba ta ƙi sake ba shi albasa ba. Muna zaune wayarsa ta yi ƙara. Ya amsa da Larabci a ɗarare, yana ta jero tambayoyi. Ashe ɗansa ne. Da ya ajiye ya dube ni ya ce, "Tun rannan, kowa ya gaishe ni da Hausa a waya, gabana ka faɗuwa."

Samari, ku ji daga wanda ya yi. Banki ba ya tambayar lambar sirri, ba ya cewa a karanto masa lambobin da ya turo. Duk mai ce muku yanzu-yanzu, ku kashe waya, ku je bankin da ƙafarku. Kada ku danna adireshin da ya zo cikin saƙo, kuma iya Hausar mai kira ba shaida ba ce. Ku zauna ku faɗa wa iyayenku wannan. In kuwa wani ya yaba bakinku ya ce akwai aiki mai sauƙi, ku tuna da ni. Na gama zaman kurkuku, amma har yau Alhaji Sambo da Larabci yake amsa kiran ɗan cikinsa, kuma ni na jawo.